Kashi nawa na ƙasar jiha ne daji? Alƙaluma uku na samu, kowanne daban

Dalibar_Taswira:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah masu ilimin gandun daji ku taimaka min. Ina rubuta furojet ɗina na ƙarshe, a babi na biyu dole in faɗi kashi nawa cikin ɗari na ƙasar jihar da nake nazari a kai daji ya rufe. Ni a zatona aikin minti biyar ne, ka nemo faɗin dajin ka raba da faɗin jihar shikenan. To wallahi yau kwana huɗu ina kai, na samu alƙaluma har uku kuma babu wanda ya yi kusa da ɗan uwansa, na ma'aikatar gandun daji daban, na wani rahoton ƙasa da ƙasa daban, wanda na ciro da kaina daga Global Forest Watch, shafin intanet da ke bibiyar dazuka da hotunan tauraron ɗan adam, shi ma daban, babban cikinsu ya kusa ninka ƙaramin. Wanne ne na gaskiya? Ko dai wani ne ya yi ƙarya a ciki?

mai_lissafi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Lissafin kansa yadda kika faɗa yake, faɗin daji a raba da faɗin ƙasa a ninka da 100. A ce jiha tana da murabba'in kilomita 20,000, daji ya ci 3,000, kashi 15 kenan. Amma ki fara duba abin da aka raba da shi. Wasu da faɗin jihar gaba ɗaya suke rabawa har da tafkuna da manyan koguna, wasu kuma sai sun cire ruwan tukuna. A misalin nan in ruwa ya ci 2,000 sai ki raba 3,000 da 18,000, ya koma kusan kashi 16.7, alhali ko bishiya ɗaya ba a ƙara ba.

Dalibar_Taswira:
Na gode Yaya, ban yi tunanin ruwan ba sam. Amma bambancin nawa ya wuce kashi ɗaya da rabi fa, nesa ba kusa ba.

Malam_Gandu:
Yarinyata ba lallai ne wani ya yi ƙarya ba. Ni na yi shekaru a wannan aiki kafin in yi ritaya, kuma tambayar farko da nake wa duk wanda ya kawo min adadi ita ce, me ka kira daji? A nan gizo ke saƙar. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ma'anarta ita ce fili da ya wuce rabin hekta, bishiyoyinsa sun wuce mita 5 a tsawo ko kuma za su iya kaiwa haka in sun girma, sannan laimar rassansu ta rufe sama da kashi 10 cikin ɗari na ƙasar wurin. Kuma kar ya zama gona ce ko cikin gari. Da wannan ma'ana ne rahotonsu na 2020 ya ce duniya na da daji hekta biliyan 4.06, kashi 31 cikin ɗari na ƙasar tudu. To ita ma'aikata sau da yawa ba wannan take ƙirgawa ba, abin da take ba ki shi ne faɗin gandun da doka ta keɓe, ko da bishiya a ciki ko an sare an noma. Shi kuma tauraron ɗan adam bai san doka ba, ganye kawai yake gani. Kin ga abu uku daban aka auna aka ba su suna ɗaya.

Abban_Hanif:
Ranka ya daɗe Malam, kashi 10 fa ka ce? Wato kashi 90 na wurin rana ce ƙwal a kai amma a kira shi daji? Ni gaskiya hankalina bai ɗauka ba. Wurin da za ka tsaya ka hango mutum daga nesa ai fili ne mai bishiyoyi.

Malam_Gandu:
Ba kai kaɗai ba Abban Hanif, masana da yawa sun yi wannan ƙorafin. Amma ka tuna ma'anar ta duniya ce gaba ɗaya, dole ta ɗauki kurmin Amazon ta kuma ɗauki dajin ƙasashen da ruwan sama bai da yawa, inda bishiya ba ta yarda ta matsu da yar uwarta saboda saiwa na neman ruwa. In ka ɗaga ma'aunin zuwa kashi 40 ka share dazukan busassun ƙasashe da yawa daga takarda, kuma abin da ba ya cikin takarda ba a ware masa kuɗin kariya.

Ummu_Safiyya:
Ni ina ganin har harshenmu ma yana ƙara rikita abin. Mu in mun ce daji ai duk inda ba gari ba ne, ko ciyawa ce zalla da ƙaya, mutum zai ce na shiga daji. Wanda bishiya ta haɗe sama ba ka ganin rana kurmi ne. Gandun daji kuma wanda hukuma ta killace. To idan kika rubuta "daji" kawai a cikin aikinki kowa da abin da zai zo masa a rai, gara ki fayyace tun a shafin farko.

Sarkin_Yaki99:
Duk wannan dogon bayani ne. Ki ɗauki na gwamnati ki rubuta kawai, shi ne ba wanda zai tuhume ki a kai.

Ummu_Safiyya:
Haba Malam, in aka tambaye ta ranar kare furojet yadda aka samo adadin fa? Ta ce gwamnati ce ta faɗa? Ai ba ilimi kenan ba.

Injiniya_GIS:
Bari in yi magana a kan na Global Forest Watch tunda shi nake amfani da shi kusan kullum. Bayanan asalinsu daga aikin Matthew Hansen da abokan aikinsa ne na Jami'ar Maryland, wanda aka fara wallafawa a 2013, da hotunan tauraron ɗan adam na Landsat suke yi, kowane ɗigo na hoton mita 30 ne tsawo mita 30 faɗi, wato murabba'in mita 900, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hekta. Su ba su ce suna auna daji ba, abin da suke aunawa rufin bishiya ne, duk wani tsiro da ya wuce mita 5, ko na Allah ne ko shuka ne, ko gonar kwakwar manja ce duk ɗaya ne a wurinsu. Sannan akwai wani ɗan wuri a shafin da ake zaɓar kaurin laima, in ba ki taɓa shi ba a kan kashi 30 yake zama. To kin ga ke kin ciro naki da kashi 30, rahoton da kika karanta wataƙila da kashi 10 ya yi, a jihar da bishiyoyinta a warwatse suke wannan kaɗai ya isa ya ninka adadin. Ki koma ki mai da shi 10 ki ga yadda zai yi tsalle.

Dalibar_Taswira:
Innalillahi, wallahi ban ma lura da wurin ba. Yanzu na gwada, ya tashi sosai, ya matso kusa da na rahoton amma bai kai shi ba.

Injiniya_GIS:
Ba zai kai daidai ba, ki duba shekara ma. Taswirar rufin bishiyar ta shekarar 2000 ce ko ta 2010, sai ki cire abin da aka rasa daga baya. Kuma wani abu, in da kanki kike auna faɗi a kwamfuta kar ki yi a kan taswirar Mercator irin wadda ake gani a intanet, tana kumbura ƙasa yayin da ake nisa da tsakiyar duniya, ita ce ke nuna Greenland kamar ta kai Afirka alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Ki sa wadda ke kiyaye faɗi daidai.

Yaya_Babba:
Ku duba yadda Indiya ke yi, su jiha jiha suke fitarwa duk bayan shekara biyu tun 1987, hukumar binciken dazukansu da ke Dehradun ce ke yi. A rahoton 2021 sun ce daji ya rufe kashi 21.71 na ƙasar. Abin da ya burge ni shi ne ba su tsaya a adadi ɗaya ba, sun kasa shi uku, mai kauri sosai wanda laimarsa ta kai kashi 70 zuwa sama, matsakaici daga 40 zuwa 70, sai buɗaɗɗe daga 10 zuwa 40. Wannan ya amsa damuwar Abban Hanif, ba a haɗa kurmi da fili mai bishiyoyi a kwando ɗaya ba tare da bayani ba. Kuma a can ne za ka gane bambancin kaso da yawa. A wannan rahoton Mizoram ce kan gaba a jihohi da kashi 84.53, amma jihar da ta fi kowa faɗin daji Madhya Pradesh ce, tana da sama da murabba'in kilomita 77,000, wanda kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na ƙasarta. Dajin Madhya Pradesh kaɗai ya ninka jihar Mizoram gaba ɗayanta fiye da sau uku.

Hajiya_Muhalli:
Yaya Babba ka faɗi mai daɗin ka bar ɗaya ɓangaren. Ma'anar Indiya ita ce duk fili da ya kai hekta 1 mai laima sama da kashi 10, ba ruwansu da na waye ko me ake yi da shi, don haka lambunan itatuwan marmari da gora da kwakwa duk suna shiga. Masu rajin kare muhalli a can sun daɗe suna sukar haka, suna cewa ana iya sare kurmi na asali a wani wuri a shuka lambu a wani wuri, adadin ya nuna ƙaruwa. Ni wannan ne ke ci min rai a duk harkar nan, kaso ba ya gaya maka abin da ke cikin dajin. Layin bishiya iri ɗaya da aka dasa shekara takwas da suka wuce ba zai taɓa zama daidai da dajin da ya shekara ɗaruruwa da tsuntsayensa da namunsa da magungunansa ba, amma a lissafi hekta hekta ce.

Yaya_Babba:
Gaskiyarki Hajiya, ban musa ba. Ni tsarin kasawa ukun nake yabawa.

Malam_Gandu:
Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci. Ita FAO ta cire gonar kwakwar manja da lambun marmari da na zaitun daga daji, amma gonar roba tana ciki. Sannan ga wanda ya fi ba mutane mamaki, in aka yi wa daji aski tas don katako amma ana sa ran zai sake tsirowa, a wurin FAO har yanzu daji ne, domin amfanin ƙasar bai canza ba. Shi kuwa tauraro a wannan shekarar ja zai sa a wurin ya ce an rasa bishiya. Dukansu ba wanda ya yi kuskure, tambayarsu ce ba ɗaya ba.

dan_makaranta22:
Tambaya dan Allah, ita laimar ya ake aunata a ƙasa? Mutum zai hau bishiya ne?

Kawu_Mai_Awo:
A'a ɗana, ba a hawa. Akwai wani ɗan madubi mai lanƙwasa a cikin akwatin katako da bai fi tafin hannu ba, an zana masa murabba'ai 24. Za ka tsaya a tsakiyar filin awo ka riƙe shi daidai gwiwar hannu, ka daidaita shi har ɗan kumfan da ke gefe ya zauna a tsakiya, sai ka leƙa, sama gaba ɗaya za ta bayyana a ciki, ganye baƙi baƙi, sarari fari. A kowane murabba'i ka ƙaddara ɗigo huɗu, ka ƙirga nawa ne suka faɗa kan sarari. Ka yi gabas, ka juya yamma, kudu, arewa, ka ɗauki matsakaici. Kaurin bishiya kuma a tsayin mita 1.3 daga ƙasa ake zagaya tef, daidai ƙirji. Mun sha yin mu biyu a wuri ɗaya mu samu amsa daban kaɗan, don idon kowa daban, shi ya sa a wurin da ke kan iyaka, tsakanin kashi 9 da 11, sai an maimaita. Ba duk dajin ake bi ba, filayen samfuri ake warwatsawa a jihar sannan a ƙiyasta sauran. A Amurka misali fili ɗaya suke ajiyewa a kusan kowace eka 6,000 suna komawa kansa lokaci lokaci.

dan_makaranta22:
Allah ya ƙara lafiya Kawu, yanzu na gane.

Injiniya_GIS:
Abin da Kawu ya faɗa shi ya sa ban yarda da taswirar da ba a taka ƙasa an tabbatar ba. Ni da kaina ya taɓa faruwa da ni, farkon fara aikina na rarraba hoton wani yanki, wani wuri ya fito kore shar a tsakiyar rani, na sa masa daji mai kauri ina murna. Da muka bi GPS muka isa wurin sai ga gonar rake ta noman rani, ruwa na gudu a kwalbati, babu bishiya ko ɗaya sai wata guda a bakin hanya. Tun daga ranar duk aikin da zan miƙa sai na ware wurare na je na gani da idona. Lokacin ɗaukar hoto ma yana da tasiri, da damina ciyawa da amfanin gona duk kore ne suna ruɗar na'ura, da rani kuma bishiyoyi da yawa sun zubar da ganye sai a ga kamar babu su. Ga kuma gawo da ke yin akasin haka, da damina yake kaɗe ganye ya fitar da rani.

Abban_Hanif:
To ni har yanzu ina kan bakana. In ma'ana za ta iya ninka adadi ko ta rage shi rabi, meye amfanin adadin? Kowace gwamnati sai ta zaɓi ma'anar da za ta wanke ta.

mai_lissafi:
Amfaninsa yana wurin kwatanta jiha da kanta, Abban Hanif. In da ma'auni ɗaya aka auna a 2000 aka sake aunawa a 2020, ko ma'aunin bai yi maka ba za ka san gaba aka yi ko baya. Inda ake cuta shi ne a canza ma'auni a tsakiya a yi shiru. Zaɓin ma'ana kuma ba ɓoyayyen abu ba ne, a yarjejeniyar Marrakesh ta 2001 kan sauyin yanayi an ba ƙasashe dama su zaɓi laima tsakanin kashi 10 zuwa 30, tsawo tsakanin mita 2 zuwa 5, faɗi daga hekta 0.05 zuwa 1. Ostireliya misali da kashi 20 da mita 2 take aiki.

Bakon_Dare:
Ni abin da nake so in sani, kashi nawa ya kamata jiha ta samu? Na taɓa jin wai dole kashi 25.

Hajiya_Muhalli:
Babu wani adadi guda da ya hau kan kowa. Kowace ƙasa da abin da ta ɗora wa kanta, tsarin mulkin Kenya na 2010 ya ce a yi ƙoƙari rufin bishiya ya kai aƙalla kashi 10 na ƙasar, manufar dazukan Indiya ta 1988 kashi ɗaya cikin uku take nema, Bhutan kuma a tsarin mulkinta ta rubuta kar ya gaza kashi 60 har abada. Yanayin wuri ne ke yanke hukunci. A Amurka jihar Maine kusan kashi 89 daji ce, North Dakota kuwa wajen kashi 2, ba don mutanen can sun fi ɓarna ba, asalin ƙasarsu ta ciyawa ce. Ka tilasta wa ƙasar ciyawa ta zama kurmi ma ɓarna ce ta daban.

Yaya_Babba:
Kuma adadin yau ba ya ba da tarihi. Jihar Vermont ta Amurka yanzu kusan kashi uku cikin huɗu daji ce, amma a tsakiyar ƙarni na 19 an share mafi yawanta don noma da kiwon tumaki, da aka bar gonakin ne daji ya dawo. Wanda ya ga adadin kawai zai ɗauka ba a taɓa sa mata gatari ba.

Ummu_Safiyya:
Mun yi nisa fa, baiwar Allah tana jiran abin da za ta rubuta a babi na biyu.

Malam_Gandu:
To yarinyata ga shawarata. Kar ki zaɓi ɗaya ki jefar da biyu. Ki yi ɗan jadawali ki sa duka ukun, kowanne ki rubuta a gabansa wa ya fitar, wace shekara, me ya kira daji, da tauraro aka auna ko da ƙafa ko daga kundin doka aka kwafo, da kuma ko an cire ruwa daga faɗin jihar. Sannan ki ce ni a wannan aiki da wannan zan tafi saboda kaza. In kwatanta jiharki da wasu wurare na duniya kike so, bi ma'anar FAO, don ita ce ake amfani da ita a ma'auni na 15.1.1 na muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Injiniya_GIS:
Malam a nan kam zan ɗan saɓa maka, da girmamawa. FAO ƙasa ƙasa take fitarwa, ba jiha jiha ba, kuma abin da ƙasashe suka aika mata take tattarawa, wasu ƙasashen kuwa sun daɗe ba su yi ƙidayar daji a ƙasa ba sai ƙiyasi daga tsohon adadi. Ni da ita ce zan ɗauki hoton tauraron ɗan adam na Sentinel-2 mai ɗigon mita 10, kyauta ne, in yi nawa awon in je in tabbatar da wasu wurare.

Malam_Gandu:
Ma'anar na ce ta bi Injiniya, ban ce ta kwafi adadinsu ba. Amma ka yi gaskiya a kan tsufan alƙaluman wasu ƙasashe. Sai dai ka tuna ɗaliba ce mai wa'adi, awo da tabbatarwa a ƙasa ba aikin sati biyu ba ne.

Hajiya_Muhalli:
Ko wanne ta bi dan Allah ta ƙara sakin layi ɗaya a kan bishiyoyin da ba sa shiga lissafi. A 2020 Martin Brandt da abokan aikinsa sun wallafa bincike a mujallar Nature, sun ƙirga bishiyoyi ɗai ɗai sama da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, a faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.3, wurin da taswirori da yawa ke nunawa kamar babu komai. Mafi yawansu ba daji ba ne a ma'anar da Malam ya kawo, amma su ne ke riƙe ƙasa su tare iska su ba dabba inuwa. Jiha za ta iya fitowa da kaso ɗan mitsitsi alhali gonakinta cike suke da bishiya, wata kuma kasonta bai motsa ba amma an cinye manyan itatuwan ciki an bar laimar da ta ɗan haura kashi 10.

Abban_Hanif:
Wannan na ƙarshen shi nake ta faɗa tun ɗazu. Daji mai laima kashi 80 a sare shi ya dawo 15, a takarda ba a rasa komai ba.

mai_lissafi:
Haka ne, shi suke kira lalacewar daji, daban da ɓacewarsa, kuma kaso ba ya kama shi sai an kasa kauri kamar yadda Yaya Babba ya ce Indiya na yi.

Dalibar_Taswira:
Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Malam Gandu na fara jadawalin. Na koma kan takardar ma'aikatar, ashe a ƙasan shafin da ƙananan haruffa an rubuta faɗin gandun da aka keɓe ne, kuma ba a sa shekara ba. Na rahoton kuma har yanzu ban ga inda suka faɗi ko sun cire ruwa ba. Injiniya dan Allah in na sauke hoton Sentinel ɗin na wane wata ya fi dacewa in ɗauka, na ƙarshen damina ko sai rani ya shiga sosai?

Injiniya_GIS:
Farkon rani, lokacin da ciyawa ta bushe an girbe gonaki amma bishiyoyi ba su gama zubar da ganye ba, kuma ki zaɓi ranar da babu gajimare ko ƙura. Ki sauke biyu ma in data ɗinki za ta ɗauka, ɗaya na lokacin ɗaya na tsakiyar damina, ki ɗora su ki ga wuraren da suka saɓa, waɗannan ne za ki fara zuwa dubawa.